Shekara biyu muna hira a WhatsApp ni da 'yan uwana matan ƙauye, ga yadda na same shi

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in rubuta wannan abin amma kullum sai wani aikin ya taso, yau dai yaro ya yi barci da wuri kuma akwai caji a wayar, to bari in yi sauri kafin ya farka. A kan WhatsApp zan yi magana, amma fa ba irin ta masana waya ba, ni abin da na sani shi ne yadda ya yi mana aiki mu da aure ya kai ƙauyuka masu nisa da gida, inda za ki wuni ki kwana ba ki ga sa'arki da za ku yi hira ba, daga ke sai kaji da awaki sai yaran da ba su iya magana ba tukuna.

Yadda abin ya faro ma abin dariya ne. Wajen awo ne, muna zaune a benci tun safe layi ya ƙi tafiya, sai wata da ke gefena ta leƙa goyona ta ce, "Yaya, wannan na bayan naki ya sunansa?" Na faɗa mata. Sai ta dafa ƙirji ta ce ai sunan babanta ke nan, Allah ya ji ƙansa. Shi ke nan fa, kafin a kira mu na san 'ya'yanta nawa, na san wanne ne mai ƙiriniya, na san rabonta da ganin mahaifiyarta wata goma sha ɗaya. Da za mu rabu na ce ta ba ni lambarta, sai ta ce min ita fa ba ta iya karatu da rubutu ba, amma in na danna wannan ɗan maɓallin mai hoton makirfo na yi magana za ta ji, ita ma haka za ta mayar min. A ranar da daddare ta turo min murya ta farko, sakan arba'in, gaisuwa ce kawai da tambayar ya mai sunan baba ya kwana da zazzaɓin. Har yanzu ban goge ta ba.

Daga mu biyu muka koma shida, duk 'yan layin awon nan, sai na buɗe guruf. Wannan ta sako ƙanwarta da ke aure a wani ƙauyen, waccan ta sako matar wanta, yanzu mu 31 ne. Na ji an ce tun 2022 guruf ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1024, to mu dai Allah ya raba mu da wannan, mu 31 ɗin ma wani lokacin kamar kasuwa.

Abin da zan fi yaba wa manhajar nan shi ne saƙon murya, kuma in da za a cire komai a bar min shi kaɗai ba zan yi kuka ba. A 2013 suka saka shi, kuma a 2022 kamfanin da kansa ya ce a kullum ana tura saƙon murya kusan biliyan 7 a duniya, da na ga wannan adadin na ce lallai mu ma muna da kaso a ciki. Ku duba fa, a cikinmu waɗanda suke iya rubutu da sauri ba su fi goma ba, kuma ko mu da muka iya ɗin yaushe hannu yake da sarari? Hannu ɗaya na cikin wanki ɗaya na riƙe da yaro. Amma wannan sai ki danna maɓallin makirfon ki ja shi sama ya maƙale da kansa, ki ajiye wayar a kan taga ki ci gaba da aikinki kina zuba. In yaro ya ƙwalla kuka ki tsayar, ki lallashe shi, ki dawo ki ɗora daga inda kika tsaya, kuma kina iya saurara kafin ki tura ko da kin yi suɓutar baki. Wannan na saurara kafin a tura ya cece ni ba sau ɗaya ba, wallahi.

Kuma murya ba ita kaɗai take zuwa ba, da gidan take tahowa. Za ki ji zakara na cara a baya, ki ji ruwan sama na dukan kwano, ki ji ana ƙwala wa yaro kira ya sauko daga katanga. Akwai gidajen da ban taɓa takawa ba amma na san ƙarar ƙofarsu. Akwai wata da kullum in tana magana sai an ji wata akuya mai shaƙaƙƙiyar murya, har ranar da aka daina jin ta sai da mutum uku suka tambaya ina akuyar nan, ashe an sayar. Sannan ita murya ba ta iya ɓoye damuwa kamar rubutu. Mace za ta rubuto lafiya lau alhamdu lillahi ki yarda, amma in da baki ta faɗa za ki ji inda ta karye. Akwai daren da na tura gaisuwa kawai, ban ce komai ba, minti biyar sai ga Maman 'yan biyu ta biyo ni ta gefe tana cewa, "Ƙanwata, muryar nan taki ba ita ba ce, faɗa min me ya faru." A ranar kuwa kewar gida ce ta taso min har na yi kuka a bayan ɗaki.

To bari in zo kan maganar sunaye don ita ce gishirin guruf ɗin namu. Duk wadda aka sako sabuwa, ba ma tambayar ta me ta karanta ko me mijinta yake yi, tambayar farko ita ce yara nawa, ya sunayensu. Kuma na lura wannan tambayar ce take buɗe bakin ko wace ce, ko da mai kunya ce. Saboda ba a faɗin sunan yaro a tsaya, sai an faɗi wa ya ci, kakarsa ce ko ƙanin uba ne ko wata aminiya da aka yi zaman arziki da ita, daga nan kin ji tarihin gida guda ba tare da kin yi bincike ba. In aka samu takwara kuwa shi ke nan an zama dangi, mai Maryam ta samu mai Maryam sai ki ji suna "ina 'yata" "ya 'yar tawa ta kwana", har su koma hira ta gefe mu ba mu sani ba. Wadda Allah bai ba ta haihuwa ba tukuna mukan tambaye ta sunayen ƙannenta ko wanda take riƙo, don mun taɓa yin kuskure da wata baiwar Allah, aka yi ta jero tambayar yara ta yi shiru kwana biyu, tun daga nan muka gyara bakinmu.

Akwai wata da ta haihu bakwaini, 'yar ƙarama ƙwarai, hankalinta duk ya tashi, kullum muryarta a raunane. Sunan yarinyar Khadija, sunan uwar mijinta ne. Sai wata malama a cikinmu da ta yi karatun Larabci ta yi murya ta ce mata, kin kuwa san asalin kalmar nan a Larabci tana nufin wadda aka haifa kafin watanninta su cika? Ga shi kuwa sunan uwar muminai ne. Wallahi yadda matar nan ta yi dariya haɗe da kuka a muryar da ta mayar, sai da na saurara sau uku. Yarinyar yanzu tana gudu ko'ina. Daga ranar aka buɗe sabon babi, kowa sai ta turo sunan ɗanta a faɗa mata ma'ana, malama ta zama kamar ofis. A nan na san A'isha na nufin rayayya, kuma Maryam ita kaɗai ce macen da aka ambaci sunanta ƙarara a cikin Alƙur'ani, ga sura guda ta 19 da sunanta.

Muna da Kiristoci uku a ciki, kuma da farko suna ɗan ja baya, gaisuwa kawai. Hirar sunan nan ce ta jawo su. Ɗaya ta ce sunan ɗanta Yohanna, sai malama ta ce ai shi ne Yahaya ɗan Zakariyya, nan take mai Yahaya ta ce to ashe takwarori ne, yau har hoton yaran biyu suke haɗawa. Ni kuma da yake ina ɗan taɓa bincike a intanet sai na kawo musu cewa sunan nan ɗaya shi ne John a Ingila, Jean a Faransa, Juan a Sifen, Ivan a Rasha, haka Yusuf shi ne Joseph, a Italiya kuma Giuseppe. Gwaggo, wadda ta girme mu duka, ta yi ta ƙoƙarin faɗin na Italiyan nan har muka kusa shiɗewa don dariya. Na kuma ba su labarin ƙasar Aisland inda tun 1991 suke da kwamiti na gwamnati wanda in sunan da kike so ba ya cikin rajista sai kin nemi izininsa, Gwaggo ta ce ai mu ma muna da irin wannan kwamitin, sunansa uwar miji. Da na ce musu a 2023 Muhammad ne sunan da aka fi sa wa jarirai maza a Ingila da Wales wasu ba su yarda ba sai da na turo musu hoton labarin.

Wani abu da ya kamata ku sani shi ne ƙuri'ar nan da suka ƙara a 2022, wadda za ki jera zaɓi mutane su danna. Tana aiki lafiya, amma fa kowa yana ganin wa ya zaɓi me. Mu ba mu lura ba, wata mai ciki ta ce mu taya ta zaɓen suna cikin guda huɗu, muka yi ta dannawa da murna, sai ga shi sunan 'yar wata a cikinmu mutum ɗaya tal ya samu, kuma ta ga duk waɗanda suka tsallake shi. Kwana uku tana gaisuwa a daƙile. Ƙarshe ma uban yarinyar wani suna daban ya saka wanda ba ya cikin huɗun. Wannan laifinmu ne ba na kowa ba, amma shawarata kar ku sa sunan 'ya'yan mutane a ƙuri'a, ku bar ta wa irin su wace rana za a haɗu.

Kar ku ɗauka mu muka fara wannan abin. Na karanta cewa a 1897 a wani gari Stoney Creek a Kanada matan manoma suka kafa ƙungiyarsu bayan wata mata Adelaide Hoodless ta yi musu jawabi, ita kuwa ɗanta ƙarami ne ya rasu sanadin gurɓatacciyar madara, shi ya sa ta tashi tsaye kan a koya wa mata kula da gida. A Ostareliya ma a 1922 matan karkara suka kafa tasu saboda nisan da ke tsakanin gida da gida. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 15 ga Oktoba ranar matan karkara, an fara yin ta a 2008. Su sai sun yi tafiya ko sun rubuta wasiƙa sun jira makonni, mu kuwa ina tsugune ina wanke-wanke nake jin muryar wadda ke bayan kogi.

Yanzu ɓangaren wahala. Babbar matsalarmu sabis ne, kuma wannan ba daga manhajar ba ne, kamfanin layin ne da ba zan kira sunansa ba, a wajenmu sai kin hau tudun bayan gida kin ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. Abin da ya burge ni shi ne saƙon ba ya ɓata, za ki ga ɗan hoton agogo a gefensa yana jira, da zarar sabis ya leƙo sai ya tafi da kansa, alama ɗaya ya fita, biyu ya isa. Ni da dare nake yin muryoyina a ɗaki, da safe in na fita ɗebo ruwa duk su wuce, na wasu kuma su shigo. Shi ya sa ma ya fi mana kira, don kira sai ku biyun kuna da sabis kuma kuna da sarari a lokaci guda, mu kuwa yaushe. Data ma murya ba ta ci sosai, bidiyo ne mugun. Ki shiga saiti ki kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, in ba haka ba ranar da aka yi haihuwa a guruf datarki ta sati za ta tafi a yini ɗaya, memori ma ya cika wayar ta fara sanɗa. Akwai wajen da yake nuna miki wace hira ce ta fi cin wuri ki share manyan, ni duk ƙarshen wata nake yi.

Sai maganar sirri, kuma don Allah a nan ku nutsu. Tun 2016 saƙonnin a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, wanda ke tsakiya ba ya iya ji. To amma wannan kullen a hanya yake, ba ya hana wanda wayar ke hannunsa. Kusan rabinmu wayar maigida suke ara ko ta babban ɗa, shi ya sa za ki ga sunan namiji da hoton babur amma muryar mace ke fitowa. Akwai wadda ta yi ƙorafin dangin mijinta, can a wani gidan yaro ya ɗauki waya yana wasa ya kunna a tsakar gida da ƙarfi, maganar ta zaga ta dawo. Daga nan muka kafa doka, abin da ba za ki iya faɗa a bakin rijiya ba kar ki faɗe shi a guruf, ki bi aminiyarki ta gefe. Dabara biyu da suka taimake mu, in kin kunna murya kika kara wayar a kunne kamar mai amsa kira sautin yana komawa kunnenki ke kaɗai, sannan tun ƙarshen 2023 akwai murya mai ji sau ɗaya, ana saurara ta ɓace. Ki kuma sani duk wadda ke guruf tana ganin lambarki, don haka admin, wato mai kula da guruf, ta san wa take sakowa. Mu sai mutum biyu sun ce sun san mace kafin a saka ta.

'Yan damfara ma sun taɓa mu. Wani ya kira wata a cikinmu ya ce wai daga wajen tallafin mata ne, ta karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarta, tana faɗa ya ƙwace mata akawun ya shiga tura wa mutane saƙon neman kuɗi da sunanta. Abin da ya tona shi kuwa rubutu ya yi, ita kuma duk mun san ba ta rubutu, Gwaggo ta ce a ce masa ya yi murya mu ji, shiru kake ji. Lambobin nan shida ba a ba kowa, ko wa ya ce shi ne. Kuma ki saka lambar sirri ta biyu da ke cikin saiti, ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na koya musu ta murya. Su kuma masu turo maganin kaza yana warkar da cuta goma, duk da tun 2019 an taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, suna isowa dai, ni nake bi ina gogewa tunda admin na da ikon goge wa kowa, in kuma maganar ciwon yaro ce amsarmu ɗaya ce, a kai shi asibiti.

Abin da nake fatan a ƙara shi ne hanyar neman magana a cikin murya. Rubutu kina sa kalma ɗaya ya fito, murya kuwa sai kin bi kin saurara, in kina neman inda malama ta faɗi ma'anar wani suna wata huɗu baya to Allah ya ba ki haƙuri. A ƙarshen 2024 sun fito da abin da ke mayar da murya rubutu amma Hausa ba ta cikin harsunan da suka fara da su. Kafin nan dabarata ita ce in sa wa muhimman tauraro, suna taruwa wuri ɗaya. Rashin hanyar neman maganar nan ne ya sa makin da na ba manhajar huɗu ne cikin biyar.

Af, na manta da saurin murya. Tun 2021 kina iya sa ta gudu ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu. Saboda Gwaggo na fara amfani da shi, don ita in ta danna sai ta yi minti tara, ta gaida kowa da sunan ɗanta ɗaya bayan ɗaya, mu talatin, ba ta tsallake ko ɗaya kuma ba ta taɓa rikita ɗan wata da na wata ba. A ninki biyu muryarta kamar ta ɗan tsako. Amma akwai ranar da ina gudu da ita na wuce inda ta ce ƙafarta ta kumbura kwana huɗu ba ta fita ba, sai a bakin wata na ji, kunya ta kama ni sosai. Yanzu kowa ina iya sa masa gudu ban da ita, nata sai na gama aiki na zauna.

Watan jiya muka haɗu mu goma sha huɗu a karon farko, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba don ba sa sa hoto, amma kowacce tana yin sallama nake cewa wance ce. A wajen ne na tuna wani abu, ita wannan ta bencin awo, aminiyata ta farko, shekara biyu ban san sunanta na yanka ba, a wayata Maman wane na sa da sunan ɗanta, kamar yadda Larabawa ke cewa Ummu wane. Na ce, "Ke wai don Allah ya sunanki ne?" Ta yi dariya har da riƙe ciki ta ce ita ma ba ta san nawa ba. Muka faɗa wa juna, na dawo gida na gyara a waya na sa sunanta na gaskiya. Kwana biyu ina neman ta a cikin jerin sunaye ina rasawa, har na ɗauka lambar ce ta goge, ranar na uku na mayar da shi yadda yake.